Gulab Jamun: Asalinsa da Yadda Ya Shiga Gidaje

Gulab jamun kayan zaƙi ne da ake yi a Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal, inda ake mulmula kwaɓin daskararriyar madara ƙanana-ƙanana, a soya a man shanu har su yi ja, sannan a tsoma su cikin ruwan sukari mai ƙamshin wardi da kadamon. Wanda ya san yadda ake tsoma alkaki ko dubulan a ruwan sukari bayan suya ya riga ya fahimci rabin aikin, sai dai a nan madara ce ginshiƙin kwaɓin, fulawa kuwa ɗan kaɗan ake sakawa don ta riƙe shi. Sunan ya haɗa harsuna biyu: gulab kalmar Farisanci ce da ke nufin ruwan wardi, jamun kuma ɗan itace ne baƙi-baƙi na ƙasar Indiya wanda curin ya yi kama da shi.

Masana tarihin abinci suna danganta dabarar jiƙa soyayyen kwaɓi a ruwan sukari da ƙasashen Larabawa da Farisa. Littafin girke-girke na Muhammad bin Hasan al-Baghdadi, wanda aka rubuta a 1226, ya bayyana luƙmatul ƙadi, wato ƙananan curin kwaɓin alkama da ake soyawa a tsoma a zaƙi, kuma Ibn Battuta, wanda ya isa Indiya a wajajen 1333 a zamanin Sarki Muhammad bin Tughluq, ya ambaci wannan abinci cikin abin da ake kawowa a liyafar manya. Daular Delhi da aka kafa a 1206, da daular Mughal da ta fara a 1526, sun shigo da masu girki da kayan ƙamshi irin su za'afaran da ruwan wardi, suka tarar da ƙasa mai yalwar rake da madara, wadda ta daɗe da sanin sarrafa sukari. Akwai labarin baka da ke cewa wani kukun Sarki Shah Jahan na daular Mughal ne ya ƙirƙiro gulab jamun bisa kuskure, amma masana ba su ɗauke shi a matsayin hujja ba.

Gudummawar Indiya ita ce khoya, wato madarar da ake dafawa a faffaɗan kasko ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ruwanta ya ƙone, ta koma kamar kashi ɗaya cikin biyar na yadda take. A ƙasa mai zafi da babu na'urar sanyaya abinci, wannan ce hanyar hana madara lalacewa, kuma madarar ɓaunar gida, wadda ta fi ta saniya maiƙo, ta fi bayar da khoya mai laushi. Tun da aikin yana cin sa'o'i da itace mai yawa, yin gulab jamun ya daɗe a hannun halwai, masu sana'ar kayan zaƙi da ke gadonta daga iyaye. A yankin Bengal an bi wata hanya, inda ake amfani da chhana, madarar da aka tsinke da ruwan tsami aka tace, a yi pantua da ledikeni. Na biyun an sa masa sunan Lady Canning, matar gwamnan Turawan Ingila da ya mulki Indiya daga 1856 zuwa 1862. Indiyawan da Turawa suka kwasa aikin ƙodago a gonakin rake sun tafi da girkin gulab jamun zuwa Moris daga 1834, da Trinidad daga 1845, da Natal ta Afirka ta Kudu daga 1860, da Fiji daga 1879.

Garin madara ne ya fito da gulab jamun daga shagon halwai zuwa madafar gida. A 1955 ƙungiyar makiyaya ta Amul da ke garin Anand a jihar Gujarat ta yi nasarar busar da madarar ɓauna ta zama gari, shirin bunƙasa madara na ƙasa da aka fara a 1970 kuma ya sa garin ya wadata a kasuwa, yayin da kamfanoni irin su Gits da MTR suka riƙa sayar da haɗaɗɗen gari wanda ruwa kawai ake zuba masa. Da haka uwargida ta iya gama cikin 'yan sa'o'i abin da a da yake cin yini.

Duk da wannan sauƙi, ƙa'idojin halwai ba su canza ba. Ana haɗa garin madara da fulawa kaɗan da bakin foda da man shanu, a kwaɓa da hannu mai taushi, domin murza kwaɓin da ƙarfi yana sa cikinsa ya yi tauri. Dole curin ya fito sumul, tun da ƙaramar tsaga ta isa ta sa ya fashe a cikin mai. Ana suyar a wuta ƙasa-ƙasa ana kaɗa man a hankali, sai curin ya nutse, ya taso da kansa, ya riƙa juyawa yana yin ja ta kowane ɓangare, saboda sukarin da ke cikin madara yana saurin ƙonewa, kuma mai mai zafi sosai yana baƙanta baya ya bar ciki ɗanye. Ruwan sukarin ba a barinsa ya yi kauri, ɗan danƙo tsakanin yatsu biyu ya wadatar, kuma ana ɗiga ruwan lemon tsami don kada ya daskare. Bayan sa'o'i biyu a cikinsa curin yana kumbura ya sha zaƙi har tsakiya.

A yau ana raba gulab jamun a bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, da ranakun Sallah a gidajen Musulmi, da bukukuwan aure na kowane ɓangare, abin da ya sa ya zama ɗaya daga cikin abincin da al'ummomin yankin, duk da bambancin addini da iyakokin da aka shata tsakanin Indiya da Pakistan a 1947, suke ɗauka a matsayin gadonsu baki ɗaya.