Layin Dogon da Aka Shimfiɗa Don Auduga, Ya Kwashi Gyaɗa

A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa wata ƙungiya a Mancesta, wadda aka fi sani da BCGA, domin samar wa kansu auduga daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Tsoronsu yana da tushe. Yawancin audugarsu daga Amurka take zuwa, ba su kuma manta da yadda yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsayar da masaƙunsu cak ba. Da suka waiwayo Arewa, sai suka ga kamar an yi ta ne dominsu.

Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Tun 1851 Heinrich Barth ya ga yadda tufafin Kano, saƙaƙƙu kuma rinannu, ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ƙasar da ke tufatar da nahiya haka, ai ba ta rasa auduga ba. Abin da ya rage, a ganinsu, hanyar fitar da ita ne kawai. Wannan lissafi yana cikin manyan dalilan da suka sa gwamnatin Ingila ta amince da layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1907, lokacin Winston Churchill yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka. Layin ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Auduga ba ta zo ba, gyaɗa ce ta zo. A 1912 abin da Nijeriya ta fitar na gyaɗa bai kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ya haura tan 19,000. Buhuna suka yi ta taruwa a tashar Kano har taragai suka kasa kwashewa.

A ina lissafin ya kauce? Tambayar da ke gabansu ita ce ko manomin Kano zai sayar musu da auduga a kan farashinsu. Wannan tambaya ce mai wuya, cike da ƙila-wa-ƙala. Sai suka amsa wata mai sauƙi a madadinta, wato ko auduga na yi a ƙasar Kano. Amsar wannan tabbas ce, sai suka ɗauki tabbacin suka jingina wa waccan.

Abin mamakin shi ne, hujjar da ta ƙarfafa musu zuciya ita ce ya kamata ta sa su ɗar-ɗar. Yawan masaƙa da marina yana nufin audugar tana da masu ita. BCGA na tayin kimanin kwabo ɗaya a kan laba, alhali mata masu kaɗi da masaƙan gari suna biyan fiye da haka. Wa zai bar mai saye na ƙofar gida ya kai wa baƙon da ya yi masa tayin wulaƙanci?

Sannan ga ita kanta ƙasar. Wanda ya san gonakin arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Kazaure da Ɓaɓura, ya san jigawa ta fi yawa, ita kuwa gyaɗa jigawa take so. Auduga ta fi jin daɗin ƙasa mai laka. Gyaɗa tana zama gona ɗaya da gero, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce. Uwa-uba, in shekara ta ɓaci ana cin ta, ba a cin auduga. Manomin da ya ga yunwar 1913 zuwa 1914 ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. A ra'ayina shi ne ya fi kowa iya lissafin rashin tabbas a duk wannan labari, domin shi kaɗai ya tanadi amsa ga tambayar “in kuma damina ta ƙi fa?”

Akwai kuma abin da ba wanda ya sa a lissafi. A 1902 ɗin nan dai, Bajamushe Wilhelm Normann ya yi rajistar dabarar daskarar da man tsirrai, abin da ya buɗe wa man gyaɗa kasuwar margarin, wanda Turawa ke shafa wa burodi. Farashi ya tashi. Fataken goro na Kano, waɗanda suka riga suka mallaki jari da yara a ƙauyuka, suka juya akalarsu nan take, suna ba manoma kuɗi da kaya tun kafin girbi. Daga cikin irin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata ya fito. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa na 1978.

A yi wa BCGA adalci: auduga ta samu shiga daga baya, bayan an yaɗa irin nan na Allen, amma a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau, inda reshen layin dogo ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Ita kuwa Kano, dalar da aka san ta da ita a bakin layin dogo har farkon shekarun 1970, ta buhunan gyaɗa ce.