Stuart Levy: Masanin da ya gano yadda ƙwayoyin cuta ke bijire wa magani

Stuart Levy likita ne ɗan Amurka kuma masanin ƙananan halittu, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana binciken yadda ƙwayoyin bakteriya ke bijire wa magungunan da aka ƙera don kashe su. An haife shi a birnin Wilmington na jihar Delaware a 1938, ya kammala karatun likita a Jami'ar Pennsylvania a 1965, sannan ya fara aiki a Jami'ar Tufts da ke Boston a 1971. Ya rasu a watan Satumban 2019 yana da shekara 80.

Tun yana ɗalibi ya je birnin Tokyo ya yi aiki tare da Tsutomu Watanabe, masanin Japan da ya nuna cewa bakteriya na iya miƙa wa juna ƙwayoyin gado masu ba su kariya daga magani. Wannan darasi ne ya zama ginshiƙin aikinsa.

Binciken da ya fito da sunansa an yi shi ne a wata gona a jihar Massachusetts, aka wallafa shi a 1976. A lokacin manoman Amurka kan zuba ɗan maganin kashe bakteriya a abincin dabbobi domin su yi saurin girma, ko da lafiyarsu ƙalau. Levy ya raba kaji gida biyu, ya sanya tetrasaikilin a abincin rukuni ɗaya. Cikin mako guda, kusan duk bakteriyar hanjin waɗannan kaji ta daina jin maganin. Daga baya ta bijire har wa wasu magungunan da ba a taɓa ba kajin ba. Bayan wata biyar zuwa shida, irin wannan bakteriya ta ƙaru a hanjin mutanen gonar, alhali babu wanda ya sha maganin. Abin lura shi ne ƙungiyar kamfanonin magungunan dabbobi ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma sakamakon bai yi mata daɗi ba.

A 1977 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yunƙura ta taƙaita wannan al'ada, amma majalisar dokoki ta taka mata birki. Tarayyar Turai ta haramta amfani da irin waɗannan magunguna domin ƙara girman dabbobi a 2006. A Amurka kuwa sai a 2017 aka daina yin haka da magungunan da mutane ke buƙata, wato shekara 40 bayan yunƙurin farko.

A ɗakin gwaji, Levy da abokan aikinsa sun nuna a 1980 cewa bakteriya na da wani abu mai kama da famfo a jikinta, wanda ke fitar da tetrasaikilin waje kafin ya yi mata illa. A 1998 sun nuna cewa sinadarin triclosan da ake sa wa a sabulu na iya haifar da bakteriya mai bijirewa. FDA ta hana sa shi a sabulun wanka a 2016. Kamfanin Paratek da ya kafa tare da Walter Gilbert ya samar da sabon magani mai suna Nuzyra, wanda aka amince da shi a 2018.

Ya kafa ƙungiyar APUA a 1981 domin faɗakarwa kan amfani da magani bisa ƙa'ida, ya kuma wallafa littafin The Antibiotic Paradox a 1992. Hujjarsa ita ce waɗannan magunguna dukiyar al'umma ce: duk wanda ya sha ba bisa ƙa'ida ba yana rage musu ƙarfi a jikin maƙwabcinsa. Saboda haka kare su nauyin gwamnati ne, ba na likita kaɗai ba.

Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya har yau ana sayen tetrasaikilin a kemis ba tare da takardar likita ba, masu kiwon kaji kuma na zuba shi a ruwan shan kajinsu.