Unguwar Haihuwa da Tsawon Kwana: Labarin Birtaniya

A shekarar 1842 wani ma'aikacin gwamnatin Ingila mai suna Edwin Chadwick ya wallafa rahoto a kan zaman talakawan ƙasarsa, inda ya kwatanta birnin Mancesta, cibiyar masaƙun auduga, da Ratland, gundumar manoma. A Mancesta matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburori 17 ne, a gidajen manya da masu ilimi 38. A Ratland kuwa na leburori 38 ne, na manya 52. Ka sake duban lissafin nan da kyau: leburan ƙauye ya yi kwana ɗaya da attajirin birni, alhali ladan aikin gona bai kai na masaƙa ba.

Kada ka ɗauka cewa yawancin mutanen Mancesta suna mutuwa ne suna samari. Jarirai ne suka ja lissafin ƙasa, gama da yawansu ba su kai shekara biyar ba. Iyalai suna cushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ruwan sha yana gauraye da ƙazanta, kwalara da taifot da tarin fuka suna ta ɗiba. Chadwick ya ɗora laifin a kan ƙazanta, ya nemi a gina magudanan ruwa, aka kuwa kafa dokar lafiyar jama'a a 1848. A ganina ya yi gaskiya, amma rabinta kawai ya gani.

Shekara ɗari cif bayan dokar, a 1948, Birtaniya ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, magani ya zama kyauta ga kowa. Mutane suka zaci zance ya ƙare. Sai a 1980 kwamitin likita Douglas Black ya nuna cewa ko da yake tsawon rai ya ƙaru ga kowa, tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi ba ta ragu ba. Lebura ya fi lauya ko likita haɗarin mutuwa kafin tsufa ninki biyu da ɗoriya. Gwamnatin Margaret Thatcher ta saki rahoton a lokacin hutu, kwafi 260 kacal. Wanda bai so a ji magana ba ya san lokacin faɗinta.

A shekarun da suka biyo baya aka rufe ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe na arewacin Ingila da Sikotland, arziki ya taru a Landan da kewayenta. Mai kisa ya sauya kama. Maimakon kwalara, sai ciwon zuciya, da sankara, da giya, da ƙwaya, da baƙin cikin magidancin da ya wayi gari ba wurin zuwa. Asibiti yana karɓar mutum ne bayan gidan haya mai danshi da abinci maras kyau sun gama aikinsu.

A 2008 wani kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙarƙashin Michael Marmot ya kawo misalin Gilasgo: yaron da aka haifa a unguwar Kalton ana sa masa ran shekara 54, na Lenzi a gefen birnin kuwa 82, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai rabin sa'a a mota ba. Da Marmot ya sake bincike a 2020, ya tarar cewa a unguwannin da suka fi talauci a arewa maso gabashin Ingila tsawon ran mata ya fara komawa baya.