Tarihin Robar Haƙori ta Dare da Illolinta

Mai karatu, robar nan da likita ke ba mai cizon haƙora cikin barci ya kwana da ita a baki ta haura shekara 120 a duniya. A 1901 wani likitan haƙori na birnin Biyana, Karolyi, ya ƙera irinta da taurarriyar roba. Wadda aka fi amincewa da ita yau, mai tauri da ke rufe haƙoran sama duka, Ramfjord da Ash ne suka kyautata ta a Jami'ar Mishigan ta Amurka.

Duk tsawon zamanin nan ba ta warkar da cizon ba. Haƙori kawai take tsarewa daga zaizayewa. Da aka kawo mai laushi an zaci an huta, sai gwajin Okeson na 1987 ya nuna cizon ya ƙaru ga mutum 5 cikin 10. Ƙaramar da ke rufe haƙoran gaba kaɗai kuwa takan sa sauran su gusa, har na sama da na ƙasa su daina haɗuwa. Mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, tana iya tsananta masa.

Saboda haka, ko a Kakuri kake ko Barnawa ko Sabon Tasha, kada arha ta ja ka ga robar 'yan dambe da ake tsomawa cikin ruwan zafi. Bari likitan haƙori ya ɗauki awon bakinka, ka faɗa masa in kana minshari, ka riƙa komawa yana duba zamanta.