Tarihin Shagari Kwatas, Daga Ƙasan Akwatin Inna



Ranar da shugabarmu ta ce ni zan rubuta tarihin unguwa a wannan mujalla ta cikarmu shekara 20, sai da na yi dariya. Na ce, "Haba Hajiya, ni da sai da na haifi 'ya'ya biyar sannan na iya rubuta sunana?" Ta ce ai shi ya sa ta zaɓe ni. To ga shi na rubuta. Wata biyu na yi ina bin tsofaffin unguwa da littafi da biro, in na taso daga Kasuwar Rimi. Abin da ya shafi gwamnati kuma, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta zaunar da ni ta warware mini.

Asalin gidajen

Sunan unguwarmu sunan mutum ne, amma yaranmu da yawa ba su san ko wane ne ba. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ya hau kujerar shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979, a jam'iyyar NPN. Alamar jam'iyyar gida ne da masara, domin alkawarinsu biyu ne manya: abinci da wurin kwana. A lokacin jihohin Nijeriya 19 ne, Jigawa ma tana cikin Kano. Aka tsara za a riƙa gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, in an haɗa da Abuja ya zama 40,000. Gidajen iri biyu ne, akwai mai ɗaki ɗaya da falo na masu ƙaramin ƙarfi, akwai mai ɗaki uku. Shi ya sa in kin je Kaduna ko Maiduguri ko Yola, nan ma za ki ji ana cewa Shagari Lokos. Duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da namu.

Alkawarin bai cika duka ba. Kuɗin man fetur ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ranar 31 ga Disamba, 1983 kuma soja suka karɓe mulki. Abin da aka samu aka gina shi ne muke ciki.

Kano kuwa a lokacin ba ta NPN ba ce, ta PRP ce, jam'iyyar Malam Aminu Kano, gwamna shi ne Alhaji Abubakar Rimi. Alamar PRP mabuɗi ne. Baba, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana wannan barkwancin: wai gida na NPN ne, mabuɗi na PRP, shi talaka sai da aka haɗa masa biyun sannan ya samu ya shiga.

Yadda muka tare

Mu a 1985 muka tare, ina 'yar shekara huɗu. Abin da na riƙe kaɗan ne, amma Inna ba ta manta komai ba. Ta ce ranar da motar kaya ta tsaya, kuka ta fashe da shi. Ta taso a cikin gari, gidan yawa, daga zaure sai soro sai tsakar gida. Nan kuwa ba zaure, ba katanga, in ta buɗe ƙofar falo sai titi. Kicin ɗin ko turmi ba zai zauna ba, balle murhu. Banɗaki kuma a jikin ɗaki, abin da kakata ta rantse ba za ta taɓa shiga ba. Gaba gonaki, baya gonaki. Dangi suna ta tsiya, wai mun bar cikin mutane mun koma bayan Gidan Zoo maƙwabtaka da kura.

Wanda ya zana gidajen nan bai zana su don mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya ba, kuma bai san da kulle ba. Don haka kowa ya shiga gyara. Da zana aka fara kewayewa, sai langa-langa, in hali ya samu a sa bulo. Daga nan a fitar da ɗakin samari, a yi rumfar girki a tsakar gida, a haƙa rijiya. Daga baya a fasa katanga ta gaba a yi shago. Yau in kina son ganin ainihin ginin gwamnati, sai kin shiga can ciki, ki wuce ɗakuna uku ko huɗu. Kuma mu faɗi gaskiya, bulo nawa ne a cikin katangun nan aka saya da kuɗin ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da kitso? Takarda dai sunan maigida ne a jiki, amma gumin na mutum biyu ne.

A cikin gari maƙwabcinka ɗan'uwanka ne. Nan kuwa takarda ce ta haɗa mutane. A layinmu kaɗai akwai Bayarabe makaniki, akwai Banufe direba, akwai Babarbare malamin makaranta, akwai ma'aikatan masaƙu na Sharaɗa. Gidan da ke manne da namu na wata nas ce, Kirista, daga kudancin Kaduna. Anti kawai muke ce mata. Ita ta karɓi haihuwar ƙannena uku da tsakar dare, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Da Sallah mu kai tuwo da nama, da Kirsimeti mu ci shinkafa da cincin har mu ƙulle a bakin zane.

Ruwa da adashi

Abin da ya fara haɗa kan matan unguwar nan ruwa ne. Da farko famfo yana zuwa. Sannu a hankali ya koma sai tsakar dare, daga nan sai sati-sati, daga nan sai iska. Duk gidan da ke da rijiya mai ruwa ya zama dandali. A bakin rijiyar nan aka san juna, aka san wadda mijinta bai samu albashi ba, da wadda ɗanta ke kwance.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, Naira ta faɗi, kaya suka tashi. Albashin da yake kai wata ya koma ba ya kai sati biyu. A shekarun da suka biyo baya masaƙu da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka yi ta rage ma'aikata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Baba yana cikin waɗanda aka sallama. Ni ma a nan karatuna ya tsaya, daga aji uku na firamare aka ɗora mini farantin talla. Ba na zargin iyayena, tukunya ce ba ta san uzuri ba.

A wannan matsin ne iyayenmu mata suka kafa adashi. Kullum Juma'a bayan la'asar ake zubi a tsakar gidanmu. Inna ce uwar adashi, don an yarda da amanarta, amma ba ta karatun boko. Anti ce mai rubutu, a wani littafi mai baƙin bango. Da kwasar adashin nan aka sayi keken ɗinki na farko a layinmu, da injin markaɗe, da firjin ƙanƙara. Da ita aka yi wa yawancinmu kayan ɗaki, har da ni.

Abin da ya raba mu, da abin da ya haifi ƙungiya

Ba zan tsallake wannan ba, ko da yake ba daɗin faɗa. Rikicin Oktoba 1991 ya girgiza Kano, amma maƙwabtanmu da suka tafi yawancinsu sun dawo. Na Mayu 2004 shi ne ya yi mana illa. Kwana uku Anti da 'ya'yanta suka yi a uwar ɗakan Inna, Baba yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma da carbinsa, duk wanda ya zo ya ce masa ba kowa sai iyalinsa. Allah ya tsare, ba abin da ya same su. Amma da ƙura ta lafa ta sayar da gidan ta koma garinsu. Ranar tafiya ta miƙa wa Inna littafin nan, suka rungume juna suna kuka.

Juma'ar da ta biyo baya aka zo zubi, aka buɗe littafi, aka yi tsuru-tsuru. Mata cike da tsakar gida, ba mai iya cewa ga wadda ta kwasa, ga wadda ta rage. Aka kira wani yaro ɗan sakandare ya karanta, kafin magariba duk layi an san bashin kowa. Har aka yi sa-in-sa tsakanin aminai biyu, suka shekara ba sa gaisawa. A nan ne wasu daga cikin matasan matan unguwa, waɗanda suka yi makaranta, suka ce a mayar da abin ƙungiyar gama kai, da rajista, da shugaba da ma'aji da sakatariya, da asusu a banki. A 2005 aka yi haka. Shekara 20 ɗin da muke biki ke nan, amma saiwar ta kusa shekara 40.

Tun daga nan kun san sauran. Mun ga dokar hana fita bayan harin 20 ga Janairu, 2012. Mun ga hana acaɓa a 2013, lokacin da 'ya'yanmu da yawa suka zauna ba sana'a, ƙungiya ta ranta wa wasu iyaye suka haɗa aka karɓi Adaidaita Sahu. Mun ga kullen korona a 2020, da muka raba hatsi gida-gida. Mun ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, ga kuɗinki a banki ga yunwa a gida. Kuɗin gyaran taransifoma da yashe kwata kafin damina kuwa, ba sai na tuna wa kowa wa ke fara zubawa ba.

Ni kuma abin da ya faru a tsakar gidanmu bai bar raina ba. A 2014 na cire kunya na shiga ajin manya. Hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, gwamnatin Rimi ce ta kafa ta a 1980. Kun ga ashe gidan da mabuɗin duk zamani ɗaya aka yi su, ni ce dai ban je na karɓi mabuɗina da wuri ba.

Inda muke yau

Yanzu ba mai ce mana 'yan bayan gari. Titin Gidan Zoo ya cika ya batse, tun 2014 ga katafaren kantin Ado Bayero Mall, tsakaninmu da Sheka ba sauran gona ko ɗaya. Gidan da dangi suka yi wa dariya, yau dillalai ne ke zarya a kansa. To a nan damuwata take.

Iyayenmu maza da suka karɓi gidajen nan yawancinsu sun rasu. Baba ya cika bara. Da aka zo maganar gado aka ce a kawo takardu, Inna ta jawo akwatinta na aure, ta fito da wata leda daga ƙarƙashin zannuwa. Shekara 39 tana ajiye da ita, ba ta san me ke ciki ba. Ni na karanta mata, layi-layi, da takardar ba da gida da rasit-rasit ɗin biya. Da na zo kan sunan Baba sai ta sa hannu ta shafa wurin.

Mu goma sha ɗaya ne, ga iyayenmu mata biyu. Rabo na Allah ne, ba mai ja: matan mamaci su raba tumuni, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. Amma gida ba ya yankuwa kamar atamfa. In ba wanda zai iya biyan sauran magada, sai a sayar, mai kuɗi ya rushe ya yi bene ko shaguna. Rabon tsohuwa kuwa ba zai saya mata ko ɗaki a nan ba, sai can bayan Panshekara, inda ba ta san kowa ba. Ku ƙirga a layinku gida nawa aka yi haka. A cikin waɗanda suka kafa adashin nan, huɗu na sani da suka bar unguwa ta wannan hanya. Ɗaya da ta rasu sai bayan kwana biyu muka ji. Namu gidan ma maganar tana nan ba a gama ba, kuma Inna kullum tambayarta ɗaya ce: in an sayar, wa zai riƙa leƙo ta?

Don haka ina roƙon babban taronmu ya duba abu uku. Na ɗaya, kowace 'yar ƙungiya ta nemi sanin inda takardun gidansu suke, da lallami ba da faɗa ba, a yi hotonsu a ajiye, kada sai ranar makoki a fara bincike. Na biyu, mu buɗe wani asusu daban wanda za a riƙa ranta wa magadan da ke son su biya 'yan'uwansu su riƙe gida, musamman inda akwai tsohuwa a ciki. Na san kuɗinmu bai kai ya sayi gida ba, amma zai iya zama cikon da zai hana a kira dillali. Na uku, mu gayyaci malami masanin gado ya zo ya karantar da mu, mu da mazajenmu, tun kowa yana da rai.

Ga 'yan'uwana da har yanzu suke dangwala yatsa a littafin zubi, ajinmu yana nan, kuma akwai benci. Ba wadda ta girme shi, akwai mai jikoki tara a cikinmu.

Littafin Anti mai baƙin bango yana wurina. Ranar biki zan kawo shi, duk mai son ganin sunan mahaifiyarta da abin da take zubawa ta zo ta gani. Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗaliba ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa Anti da alheri a inda take, ya bar mu tare. Amin.