Tsarin Cikin Ƙarfe

Tsarin cikin ƙarfe shi ne yadda ƙananan ƙwayoyinsa suke jere, waɗanda sai da madubin kimiyya ake ganinsu. Binciken masana kimiyya biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, a Ingila ya nuna cewa idan ƙwayoyin suka ƙanƙance, ƙarfen yakan ƙara ƙwari, domin iyakokinsu suna tare gocewar da ke sa shi lanƙwashewa.

Maƙeran Mai'adua a masarautar Daura suna sauya wannan tsari duk sa'ad da suka hura zugazugi, suka daki bakin gatari da masaba, suka tsoma shi a ruwa yana ja. Tsomawar tana ƙara tauri, amma takan sa saurin karyewa, sai an sake ɗumama shi kaɗan. Ana koyar da ilimin tsarin ƙarfe a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.