Jarrabawar Turanci ta IELTS

An fara jarrabawar IELTS ne a shekarar 1989, domin auna ƙwarewar mutum a harshen Ingilishi kafin ya tafi karatu ko aiki a ƙasashe irin su Birtaniya da Ostireliya.

Hukumar British Council da Jami'ar Cambridge da kamfanin IDP na Ostireliya ne suka mallake ta.

Ana gwada sauraro da karatu da rubutu da kuma magana, kuma maki mafi girma shi ne 9. Galibin jami'o'i ba sa karɓar sakamakon da ya haura shekara biyu.

Ko da yake Ingilishi ne harshen hukuma a Nijeriya, Birtaniya ba ta sanya ta cikin ƙasashen da ta ɗauke wa gwajin Turanci ba, lamarin da ke ci wa ɗalibai da dama tuwo a ƙwarya.